Taurari Bakwai da Ban Karɓa Ba

Ran nan ina kwance a ɗaki, ciwon gwiwar nan ya hana ni sakat, sai na jiyo Bilki a tsakar gida tana ba 'ya'yanta labari. Wai kakanta Malam ya bar duniya yana fushi da ni saboda na yi boko, wai shi ya sa ba na son a ɗauko zancensa. Haba Bilki! Ke da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba, a ina kika samo wannan? Na san ba ke kika ƙaga ba, a bakin dangi kika tsinta, kuma laifina ne da na yi gum shekara da shekaru har ƙarya ta yi saiwa. To ku natsu, ke da Nura da sauranku, in gaya muku yadda aka yi. Ubana bai yi fushi da ni ba ko na yini ɗaya. Ni ce na gudu.

Gidanmu na nan Daura, bayan Kusugu, inda yanzu aka yi shaguna. Malam yana karantar da magidanta a zaure, amma abin da ya kai sunansa har ƙauyukan Zango shi ne lissafin taurari. Kada ku ce duba, don da ya ji kun faɗi haka da ya kaɗe rigarsa ya bar muku wurin. Lissafin shekarar manoma ne, wanda ke tafiya da watannin ajami na malamai, masu bin rana ba jinjirin wata ba. Taurari ashirin da takwas ne, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, bakwai na bazara, kowanne da kwanakinsa. Manomi ya zo ya ce an yi ruwa jiya, a shuka ko a dakata? Malam ya lumshe ido, ya motsa baki, ya ce muna kwana kaza cikin tauraro kaza, a ƙara haƙuri. Duk wannan lissafi ya zuba shi cikin waƙar da ya tsara da kansa, kowane tauraro da baitocinsa: ranar shigarsa, yadda za ka gano wace rana ce a mako, da abin da ƙasa ke so a lokacin. Bai taɓa sa ta a takarda ba. A allo yake gwada baiti, in ya zauna masa a ka ya wanke. Manoma kuwa iyakar abin da suka tambaya yake gutsura musu. Kowane tauraro da sunansa, irin su Jabha. Ga yadda ta fara:

Ashirin da takwas suke, bi da bi,
Kowa kwana sha uku zai yi,
Jabha ta roƙi guda a kai,
Da shi shekara ta cika daidai.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Yayyena biyu hankalinsu na kara, kasuwar shanu, in ya fara waƙar sai su shiga hamma. Ni kuwa tun ina 'yar shekara tara nake maƙalewa a ƙofar zaure. Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya zazzage ƙwallayen dabino daga wata tsohuwar jaka, ya jera su a ƙasa layi bakwai, kowane layi sha uku.

"Uwata, me kika gani?"

Na ce, "Taurari bakwai, kowanne kwana sha uku."

"To tashi ki zagayo nan gefena. Yanzu fa?"

Na duba, na sake dubawa. Layi sha uku ne, kowanne bakwai. Na ce, "Mako sha uku!"

"Wa ya taɓa su?"

"Ba kowa."

"Ke ce kika zagayo," in ji shi, yana dariya har gemunsa na rawa. "Damina ɗaya ce, kin gan ta da taurari, kin gan ta da makonni. Wanda ya shirya abin nan ya iya shiri, Uwata."

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da lissafi, na rubuta wannan ƙa'ida a allon aji ba adadi, amma ban taɓa jin daɗinta kamar ranar da na zagaya ƙwallayen dabino ba. Kuma ku sani, shi ya kai ni makarantar boko da ƙafarsa, Inna tana ta mita a bayansa.

Da na shiga kwalejin horon malamai mata, ya ga lissafi ya kama ni da gaske, sai ya ce lokaci ya yi da zan karɓi waƙar. Amma da sharaɗi, kowane hutu taurari bakwai, ba ƙari. Sai na haddace, na iya fitar da ranar shigar kowanne da ka, sannan ya yarda in rubuta a littafina. Na ce ya ba ni duka mana a wuce wurin, ya ce ai ba tuwo ba ce da zan cusa. A dogon hutu na karɓi damina, hutu na biyu kaka, na uku ɗari. Saura bazara, wadda ya ce ita ce zuciyar waƙar, don a ƙarshenta ake rigimar shuka, kuma a nan ya ɗaure lissafin shekarar gaba ɗaya. Na koma makaranta ina ƙirga kwanakin da suka rage in dawo.

A wannan zangon ne malamarmu ta lissafi ta yi mana darasin kalanda. Ta ce mutanen zamanin da sun ɗauka shekara kwana ɗari uku da sittin da biyar ce da rubu'in kwana, shi ya sa ake ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu. Na gyaɗa kai, don haka yake a waƙar Malam. Sai ta ce amma rubu'in nan bai cika ba, ya gaza da wajen minti sha ɗaya. Minti sha ɗaya kacal! Sai dai in suka taru shekara ɗari da ashirin da takwas sun zama kwana guda, kuma da yake an daɗe ana tafiya a haka, tsohuwar kalanda ta koma bayan ta boko da kwana sha uku. Kwana sha uku, ai tauraro guda ke nan cif, ba ragi ba ƙari. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na zauna ƙarƙashin dalbejiya na buga lissafin sau uku, duk ya fito. Ba raini ne ya cika ni ba, Allah ya sani, murna ce. Na ga wani abu ɗan mitsitsi da ke aiki a ɓoye tun kafin a haifi kakan kakana, kuma mutum ɗaya ne a duniya nake son in nuna wa.

Sai na rubuta wasiƙa, kuma a nan na yi wautar da nake kuka da ita har yau. Na iya ajami sarai, shi ya koya mini. Amma na rubuta da boko, wai don lambobin su jeru da kyau, kuma in faɗi gaskiya, don ya ga 'yarsa ta zama wata abu. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa Malam ba ya karanta boko, kuma a garinmu wasiƙar boko ba a ɗaki ake buɗe ta ba. Mai mota ya kawo ta ranar kasuwa, zaure cike da manoma, don an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Malam ya ji daɗi, ya aika aka kira Isiyaku mai gyaran rediyo, maƙwabcinmu, wanda ya yi firamare. Isiyaku ya gyara murya ya karanta da ƙarfi yadda aka saba, tun daga gaisuwa har ya iso inda na ce, "Malam, na gano lissafinka ya yi baya da tauraro guda." Isiyaku ya yi ta tuntuɓe da lambobin da ke biye, babu wanda ya fahimci komai a cikinsu, amma wancan layin kowa ya tafi da shi gida.

Cikin waɗanda ke zaune akwai Baba Ɗanjuma, manomin gero daga wajen Zango, aminin Malam tun suna samari, mutumin da ke kawo mini rake ina yarinya. Malam ya gaya musu ana cikin Surayya, tauraro na shida a bazara, ruwan nan ba na shuka ba ne, a dakata. Baba Ɗanjuma ya yi nasa lissafin a hanya: in 'yar Malam da ta yi boko ta ce an yi gaba da tauraro guda, ashe lokaci ya yi. Ya shuka, mutanen ƙauyensu da dama suka bi shi. Ruwa ya ɗauke kusan mako uku, iri ya ƙone a ƙasa. Ban ce wasiƙata ta hana ruwa ba, kuma ban ce da sun dakata lalle da sun dace ba, ruwa ba ya karanta kalandar kowa. Amma irin da mutum ya ɓoye tun kaka, ya hana 'ya'yansa ci, ya tafi. Wasu suka ce Malam ya tsufa har 'yarsa na gyara masa, wasu suka ce 'yarsa ta jawo musu. Ko ta ina aka juya, gidanmu ne a bakin mutane, kuma zauren da ke cika ranar kasuwa ya koma mutum uku, huɗu.

Ban san komai ba sai da na dawo dogon hutu. Tun a tasha wata mai ƙosai ta ce, "A'a, ga mai gyaran taurari ta iso." Inna ta ja ni ɗaki ta zazzage mini labarin tas, ba ta rage komai ba.

"Ke da an ba ki ilmi sai ki fara da ubanki? Da bakinki ya yi ƙaiƙayi, ba ki iya bari ki dawo ki faɗa masa a kunne ba?"

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Da la'asar Malam ya aiko in zo zaure. Na shiga ina jan ƙafa, na durƙusa nesa, ina jiran faɗa. Sai na ga alluna uku jingine da bango, duk sun cika da lambobi, ga wasiƙata a kan buzunsa ta yi laushi don shafa. Ashe sau biyar ya sa Isiyaku ya maimaita masa lambobin, shi kuma yana juya su zuwa nasa rubutun.

"Uwata, matso. Na buga abin nan ta kowace fuska, ya ƙi faɗuwa. Gaskiyarki ne." Idonsa na ƙyalli kamar na yaron da aka ba sabuwar riga. "Minti sha ɗaya! Shekara arba'in ina kwana da lissafin nan ban ji motsinsa ba. Kai, Allah mai iko."

Na ce, "Malam, ka yafe mini. Baba Ɗanjuma…"

"Na kai wa Ɗanjuma iri daga rumbunmu, ya sake shuka. Wannan tsakanina da shi ne. Ni abin da ya dame ni, bazarar da na yi miki alkawari tana da ɓaraka, ba zan ba ki ita haka ba. Sai mun warware ta mun sake ɗinkawa, mun samo wa mintin nan wurin zama a cikin baiti. Ki zauna hutun nan, ke da alƙalaminki, ni da bakina. Kafin a yanke gero mun gama."

Ku ji fa abin da mutumin nan ya ce, sannan ku ji abin da na yi. Kwana biyu na yi a gida. Rana ta biyu Baba Ɗanjuma ya zo, na kai musu ruwa, na gaishe shi, ya amsa a gajarce bai ɗago ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na koma ciki na ji garin ya yi mini ƙunci, ko ƙofar gida ba na iya leƙawa. Da ma an ce ɗaliban da ke son ƙarin darasi kafin jarrabawar ƙarshe suna iya komawa makaranta su yi hutun a can. Ban buƙaci darasin nan ba, ni ce ta ɗaya a aji. Amma na je na ce wa Malam dole ne, an ce duk wadda ba ta zo ba za ta faɗi. Ƙarya na yi masa, ido da ido. Ya daɗe yana kallona, na tabbata ya gane.

"To, Uwata. Karatu ai ba a wasa da shi. Bazara ba inda za ta, in kin dawo ma yi."

Har tasha ya raka ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a rana yana riƙe da carbi har motar Katsina ta cika.

Ana cikin Simaku, tauraro na uku a kaka, aka zo makaranta aka ɗauke ni. Zazzaɓin kwana huɗu Malam ya yi. Ko da na iso an riga an kai shi. Na shiga zauren bayan an watse, na tarar da allunan nan uku, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa gaba da baya kamar mahaukaciya. Lambobi ne kawai, layi bayan layi, ɗari da ashirin da takwas a nan, sha ɗaya a can, an goge an sake. Babu baiti ko ɗaya. Tsohuwar bazarar da sabuwar, duk a kansa suke, ya tafi da su.

Na yi nema, kada ku ce ban yi ba. Bayan na fara koyarwa, har na haifi Nura, na riƙa shiga motar Zango ranar da ba makaranta ina bin tsofaffin da suka zauna zaurensa. Wannan ya ba ni rabin baiti na Dabaran, tauraron ƙarshe a bazara, wancan ya ba ni wani da ya rantse na Malam ne, alhali ko kusa, karin baitin ma a karye yake. Baba Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya yi ta murza goshi yana nema, daga ƙarshe ya ce, "'Yar Malam, mu amsa muke zuwa karɓa, ba mu riƙe hanyar ba. Ke ya ajiye wa." Ban san yadda na kawo kaina tasha ba ranar. Na gwada tsarawa da kaina kuma, lissafin ai na san shi, sunayen taurarin suna cikin littattafai. Sai in rubuta in karanta in ji kamar jadawalin aji. Nasa in ya ce Jabha ta roƙi kwana, sai ka ga mace tsaye a ƙofa. Na yayyage nawa.

Wani abu ya ƙara mini ciwo daga baya. Na kusa shekara arba'in, a wani kwas da aka tura mu Kano, na karanta cewa shekarar da damina ke bi dabam, shekarar da taurari ke bi dabam. Ta taurari ta ɗan fi tsawo. Rubu'in kwanan Malam ya zarce ta damina da minti sha ɗaya, amma bai kai ta taurari ba da wajen minti tara. Ashe a tsakiya yake tsaye, kuma ya fi kusa da taurarinsa fiye da kalandar da na yi masa alfahari da ita. Rabin gaskiya na aika masa. Na rufe littafin na miƙe tsaye a ɗakin karatu, wallahi niyyata in tafi tasha in hau motar Daura in gaya masa. Sai da na kai ƙofa na tuna.

Inna ba ta taɓa shiga zancen waƙar ba, tana ganin ita ta jawo mana surutu. Sai a shekararta ta ƙarshe, tana nan gidan wajena, ina shafa mata man zafi a ƙafa da hantsi, ta ce ba tare da na tambaye ta ba:

"Akwai wani abu da yake ta nanatawa bayan kin koma makaranta. Ina daka yana yi, ina shara yana yi, har ya ishe ni. Ni ban riƙe waƙa ba, amma wannan ya maƙale."

Na saki ƙafarta. Ta rufe ido, ta jawo shi da 'yar muryarta:

Minti sha ɗaya 'yata ta tsinto,
Ɗan mitsitsi, ya ture tauraro.

Na ce, "Inna, 'yata ya ce? Ba Uwata ba?"

"'Yata ya ce. Ni ma sai da na ajiye taɓarya."

"Sai me ya biyo baya?"

"Oho. Nan na tsaya."

Shekara ashirin da shida tana ɗauke da shi ba ta san abin da ta riƙe ba. Na so in yi mata faɗa, na kasa. Mutumin da na kunyata a zaurensa, na yi wa ƙarya na gudu, da wannan ya buɗe bazararsa.

Littafin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, mai koren bango. Za ku ga taurari ashirin da ɗaya da rubutuna na 'yanmata, sannan shafi bakwai da na ja wa layi tun a wancan hutun na sa sunaye a sama. Baitin nan ne kaɗai a shafin farko. Kada wani mai kaifin kai cikinku ya cike sauran, na roƙe ku. Bilki, kin sha tambayata me ya sa in zafi ya shigo nake zama shiru bayan sallar asuba, har kina cewa ko hawan jini ne. Ba shi ba ne. Tun daga Haƙ'a, farkon damina, kowace safiya ina karanta baitocin tauraron da ake ciki, in ji muryarsa a cikin tawa, haka har ƙarshen ɗari. Daga nan sai waƙar ta ƙare mini. Bakwai sau sha uku, kwana tasa'in da ɗaya ke nan a kowace shekara da ba ni da uba, sai in zauna in jira ruwa.